Ku Sha Ruwa, In Ji Masu Riƙe da Makulli

Ranar Litinin ta makon jiya na sha ruwa kofi takwas a tsakiyar kasuwarmu, a gaban shaidu, kuma kafin a kira azahar na gane cewa karatun da na yi shekaru ina taƙama da shi bai kai ko'ina ba. Ni malamin kimiyya ne. Ina zana wa ɗalibai ƙoda a allo, da mafitsara, da bututun da ya haɗa su, har da kibiya mai nuna inda ruwa yake bi. Abin da ban taɓa zanawa ba shi ne inda kibiyar take ƙarewa idan mai ita mace ce, kuma tana zaune a kasuwa tun hantsi har magariba.

Bari in koma baya kaɗan, don kada ku ce zafin watan Afrilu ya taɓa mini kai.

Goggo Dudu ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni tun ina shekara shida. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana zaune a rumfa ɗaya a layin 'yan kayan miya, tana sayar da busasshiyar kuɓewa da yakuwa da kuka da daddawa. A watan jiya ciwon kwiɓi ya kayar da ita a tsakar gida, muka kwashe ta sai babban asibitin birnin Marwa. Aka ɗauki hoton cikinta. Likitar, wata mata da ba ta iya zagaye-zagaye ba, ta ɗaga hoton ta ce ƙodar hagu ta riga ta gaji, tsakuwa ta daɗe da toshe ta, ta dama ce kaɗai ke ɗauke da Goggo, ita ma ga ƙananan tsakuwoyi sun fara taruwa a cikinta kamar tsakin gero.

"Zan ba ki ƙwayoyi, Dada," in ji ta, tana kiran ta uwa da Fulatanci, "amma ba su ne maganin ba. Ruwa ne. Lita uku kullum, kaɗan-kaɗan tun safe har dare, ba ki tara ƙishirwa ki kwankwaɗe shi da magariba ba. In kika ga fitsarinki ya yi kalar shayi, to ƙodarki ce take kuka. Ina son ya yi haske."

Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska, don an ambaci wannan kalma a gabana. Likitar ba ta ko kula ba. Ta juyo wajena ta ce mu dawo bayan wata uku. In ba a ga canji ba, sai dai mu fara shirin injin wankin ƙoda, sau biyu a mako, in an samu layi, har iyakar rai.

Na dawo gida da zafina. Na sayi kula babba, mai riƙe sanyi. Kullum da safe in cika ta da ruwan randa in ɗaura a bayan babur in kai har rumfar Goggo. Kullum da magariba kula ta dawo gida da nauyinta. In yi faɗa, ta ce ta sha. In buɗe in nuna mata, ta ce to ba ta ji ƙishirwa ba ne. A rana irin wadda kwalta take manne wa takalmi!

Ana cikin haka sai ga shi hukuma ta waye gari da son ruwa. Aka kafa Kwamitin Ƙoli na Wayar da Kan Jama'a Kan Shan Ruwa, ƙarƙashin inuwar Mai Girma Garkuwan Maƙogwaro, Allah ya ƙara masa sanyi. Aka manna hotuna a kowace bishiyar darbejiya: wata farar mace cikin kayan motsa jiki tana murmushi da kwalba a hannu, a ƙasa an rubuta da Faransanci cewa a sha kofi takwas a rana. Mota mai lasifika ta riƙa zagaya gari tana faɗa. Na rantse muku, karo na farko ke nan a rayuwata da na ji hukuma ta yi magana na ce gaskiya ne. Don gaskiyar ce. Yawancin ciwon kan da ke damun mutanenmu a bazara ƙishirwa ce. Jirin da ke ɗaukar mutum in ya miƙe, bushewar ciki, kasalar da muke ɗora wa shekaru, duk ruwa ne jiki yake roƙo. A layin Goggo babu macen da ba ta da ƙwayar ciwon kai ƙulle a bakin zani, kuma rabinsu da kofi biyu za su warke.

Shi ya sa a waccan Litinin na yanke shawarar koyarwa a aikace. Na sauke kula a gaban rumfar, na fito da kofi.

"Jama'a, ku ba da hanya, Dokta ya iso da randarsa!" Mama Terez ke nan, mai busasshen kifi, wadda rumfarta ke jingine da ta Goggo tun ban iya ɗaura wando ba.

"Mama Terez, na sha faɗa miki ni ba dokta ba ne."

"Ai mun gani, ɗana. Dokta na gaske tambaya yake fara yi."

Ban tsaya sauraronta ba. Na cika kofi na shanye. Na sake. Ina sha ina bayani, ina lissafa amfanin ruwa da yatsu, mata sun daina ciniki suna kallona kamar mai wasa da kura.

"Hamajam," in ji Goggo a hankali, ba ta ko ɗago ba, "ka rufa mini asiri. Mutane suna kallo."

"Su kalla, Goggo! Ga na shida. Kin ga na mutu?"

"Bar shi ya ƙarasa, Dudu," in ji Mama Terez. "Saura biyu. Sha, ɗana, sha. Muna nan."

Yadda ta ce "muna nan" ɗin ya kamata ya tsorata ni.

Ba a yi awa ɗaya ba ilimi ya fara aiki. Na ce bari in ɗan zaga. Na nufi sabon ginin bayin da ke gefen kasuwa, mai fenti shuɗi da fari, ƙofa shida, uku an zana namiji uku an zana mace. Na wuce shi ya fi sau ɗari ban taɓa dubansa da idon mabuƙaci ba. Sai a ranar na ga ashe an kewaye shi da shingen ƙarfe mai ƙyaure ɗaya, a jikin ƙyauren kuma ga kwaɗo kamar kan jariri. Na girgiza, na buga. Daga nan ban tsaya neman bayani ba, na bi sawun kakannina zuwa bayan katangar 'yan gero, inda maza suke tsugunawa a jere, kowa ya kafa wa bango ido kamar mai karanta wasiƙa. A can, a tsugune, tsakanin wani dillalin awaki da wani mai gyaran rediyo, tambayar da ya kamata in yi tun wata guda ta zo mini.

Na dawo ina jan ƙafa.

"Ka sauke?" in ji Mama Terez. "Sannu da aiki. To mu fa, a ina za mu sauke?"

Ta sa ni na zauna a kan buhun kifi ta ba ni darasin da ba a ba ni a makaranta ba. Duk macen da ta fara zama a kasuwar nan, abin da ake fara koya mata ba awo ba ne, ba ciniki ba ne. Ana koya mata yadda za ta bushe. Da asuba ki kurɓi kaɗan, iyakar abin da zai jiƙa maƙogwaro. Daga nan shi ke nan. Ba kunu, ba kankana, ba shayi. In baki ya bushe ki sa ƙwallon tsamiya a ƙarƙashin harshe, ko ki ɓalli goro. Sai kin koma gida da magariba ki rungumi randa. Bayin masallaci na maza ne. Gidajen kusa sun gaji da sallama, wasu har kare suka ajiye. Wadda abin ya ci ƙarfinta sai ta gangara cikin mayo, busasshen kogin da ke bayan kasuwa, ta nemi gindin wani kalgo, a inda masu ɗibar yashi da 'yan babur suke zaune suna yi mata fito.

"Azumi muke yi kullum, ɗana, wanda ba lada," in ji ta. "Ni da ba na jin kunyar kowa ma sai na ga uwar bari nake gangarawa. Goggonka kuwa? Bafulatana ce ta asali. Ruwa ma ba ta sha a gaban mutane, balle a gan ta da buta. Shekara ashirin da bakwai, ko sau ɗaya."

Ta faɗi haka da wani irin yabo a muryarta, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci. Don kafin in taɓa manya, bari in taɓa mu. Mu ne muke kiran wannan kunya. Mu ne muke cewa wance mace ce ta kirki, ba a taɓa ganin ta tashi daga rumfa ba. Mun mayar da ciwon ƙoda tarbiyya. Mu maza kuma, da muke da katanga kyauta, mun yi shekara da shekaru muna sayen daddawa a hannun iyayenmu mata ba mu taɓa tambayar kanmu yadda suke yi ba. Ni da kaina, mai zanen kibiya.

Na ce wa Goggo to ta bar kasuwa, ta zauna a gida, ni zan riƙe ta. Ta dube ni kamar na zage ta.

"In zauna in yi me? In ƙirga kaji? Kwana talatin rumfa ta yi a rufe sai a ba wata. A nan na aurar da 'ya'yana, a nan na sa ka makaranta. Allah ya san da ni."

Allah ya san da ita, gaskiya ne. Saura hukuma. Washegari na fita neman makulli.

Na fara da Bappa Sali, maigadin ginin, wanda na tarar ya shimfiɗa tabarma a inuwarsa.

"Bappa, yaushe ake buɗewa?"

"Ni ba a ɗauke ni don buɗewa ba, ɗana. An ɗauke ni don kada a shiga."

"Wata nawa ke nan?"

"Damina biyu ta same ni a nan."

"Kai kuma in ta kama ka fa?"

Ya nuna katangar 'yan gero da haɓa.

Daga nan sai ofishin Kwamitin Ƙoli. Sanyi ya mare ni tun daga ƙofa. Ga firji, ga kwalaben ruwa an jera katan-katan har rufi, kowace da hoton Mai Girma a jiki. Wani matashi mai laktaye ya saurare ni da kyau, har yana gyaɗa kai, sannan ya ba ni amsar da nake roƙon a rubuta ta da ruwan zinariya a ƙofar gari:

"Malam, mun ji kokenka. Amma mu ruwan da yake shiga ne aikinmu. Wanda yake fita, wani sashe ne."

Na tafi sashen ruwa mai fita. Suka ce ginin ba ya cikin takardunsu, don ba a miƙa musu shi ba. Ba a miƙa ba don ba a ƙaddamar ba. To in je in tambayi wa? Shef, wato shugaban sashen. Laraba na wuni a benci ina jiran Shef, Alhamis na gan shi. Mutum ne mai fara'a, mai zobe uku, a bayan kujerarsa kuma akwai wata 'yar ƙofa da na ji ruwa yana zuba a cikinta lokacin da ya fito. Shi ya warware mini sirrin, cikin tausayin jahilcina.

Ashe matsalar allo ce. An gina wurin a zamanin Mai Girma na da, aka sassaƙa sunansa a farin dutse aka manna a bango. Kafin a sa ranar yanka ƙyalle sai aka ɗauke shi zuwa wani muƙami. Mai Girma na yanzu kuwa ba zai yiwu ya tsaya a rana ya buɗe gini da sunan wani a kansa ba, ai ka san wannan bai dace ba. Cire allon kuma cin fuska ne ga na da, wanda yanzu ya ƙara girma a can sama. An kafa ƙaramin kwamiti ya duba ko za a iya manna allo na biyu a saman na farko, ko a gefensa, kuma wanne zai fi faɗi. Kwamitin ya zauna sau huɗu. An samu ci gaba.

"Ranka ya daɗe," na ce, "ko za a ba mu aron makullin kafin a gama? Ba za mu taɓa allon ba. Ba ma za mu karanta shi ba."

"Makulli?" Ya ɗaga hannu biyu sama. "Wallahi yana Marwa, a cikin akwatin ƙarfe. Ni kaina ban taɓa ganinsa ba. Ka rubuto takarda."

Na rubuta. Da na kai, sai mai karɓa ya miƙo mini kwalbar ruwa kyauta, ya ce kada in manta, kofi takwas.

Ranar Juma'a da la'asar Mama Terez ta tare ni a bakin layi, ba wasa a fuskarta. Ta ce ɗazu Goggo ta dafe kwiɓi ta sunkuya a kan kwandon kuɓewa, ta daɗe ba ta ɗago ba, da ta ɗago gumi ya jiƙa mata mayafi. Na dama ne. Wajen ƙodar da ta rage.

"Me suka ce a ofis?"

Na faɗa mata duka, har allon.

"Hm," in ji ta. "Litinin ne za su zo bikin ruwan nasu, ko? Mai Girma da kansa?"

"Shi da kansa."

"To madalla. Baƙo ne. Za mu karɓe shi yadda iyayenmu suka koya mana."

Litinin ɗin nan da ta wuce aka yi Ranar Shan Ruwa a filin kasuwa. An kafa rumfunan tamfol ga manya, mu kuma aka bar mana rana don mu fi jin daɗin darasin. Aka raba wa mata ruwan leda, aka ce su ɗaga sama a ɗauki hoto. Suka ɗaga, aka ɗauka, kowace ta tura nata ƙarƙashin kwando ba ta fasa ba. Mai Girma ya iso bayan awa biyu, da masu algaita da masu ganga a gaba, babbar riga tana shan iska. Ya buɗe taro da kwalba guda, ya shanye a gaban kyamara. Mai ɗaukar hoton talabijin ya ce rana ta haske masa, a sake. Ya sake.

Sai ga Mama Terez ta fito tsakiyar fili da sabuwar ƙwarya cike da ruwan randa, ta durƙusa har ƙasa. Kun san dai a garin nan ba a mayar da ruwan maraba. Ko maƙiyinka ya miƙo maka, sai ka sha.

"Ranka ya daɗe, daga 'ya'yanka na layin kifi!"

Ya kurɓa zai miƙa wa na kusa.

"A'a, ranka ya daɗe, a shanye! Kai ka ce yana wanke ƙoda. Mu ƙodarka muke ji, ita ce ƙodar gari!"

Aka ɗauki tafi. Kyamara tana kansa. Ya shanye.

Tana tashi sai ga layin albasa da tasu ƙwaryar. Sai layin tukwane. Sai 'yan man gyaɗa, waɗanda suka ce in ya sha na 'yan albasa ya ƙi nasu to sun san matsayinsu. Layi goma sha ɗaya ne a kasuwarmu, kuma ban taɓa ganin kansu ya haɗu kamar ranar ba. A ta bakwai Mai Girma ya fara zubar da rabi a gaban riga. Wata tsohuwa mai tabarmi ta lura, ta ce Allah sarki, ta zube, a ƙaro masa.

Daga nan mata suka koma suka zauna, suka bar sauran aikin ga ma'aikatansa. Kuma sun yi. Mutum tara aka rubuta za su yi jawabi kafin shi, kowanne sai da ya fara da tarihin Mai Girma tun daga makarantar firamare. Na uku yana magana Mai Girma ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na biyar yana magana ya sauya. Matashin nan mai laktaye ya yi bayani mai tsawo a kan yadda ruwa yake gangarowa, yake kwarara, yake tsiyaya a cikin jiki. Na ga Mai Girma ya rufe ido yana motsa baki, ina jin addu'a ce. Ya waiga wajen motarsa, ya ga makaɗa da 'yan kallo da amalanken kankana sun rufe ta ruf, ofis kuma yana ƙetaren mayo. Na bakwai yana gyara lasifika sai Mai Girma ya yafito Shef da yatsa ɗaya, ya raɗa masa wani abu a kunne.

Jama'a, na duba agogo don in ba ku labari daidai. Daga Marwa zuwa garinmu tafiyar awa biyu ce in hanya ta yi kyau. Makullin nan ya fito daga akwatin ƙarfe, ya iso cikin minti huɗu. A aljihun Shef ya sauka, a zobe ɗaya da makullin motarsa.

Mai Girma ya miƙe, ya nufi ginin da wata irin tafiya ta ƙananan taku. Su kuwa masu algaita an ɗauko su ne su bi shi duk inda ya sa ƙafa, ba wanda ya ce musu ban da nan. Suka bi shi suna busa. Masu ganga suka bi masu algaita, kyamara ta bi ganga, gari ya bi kyamara. Bappa Sali ya yi tsalle daga tabarma ya ƙame. Shef ya buɗe kwaɗo, ya rataye shi a ƙyaure, Mai Girma ya faɗa ƙofar farko da ya samu, wadda aka zana mace a jikinta.

Mama Terez ta rangaɗa guɗa.

"An buɗe! Mai Girma ya buɗe da kansa!"

Mata wajen ɗari biyu suka amsa. Algaita ta ƙara sama. Ya daɗe a ciki, Allah ya ba shi lafiya, kuma duk tsawon lokacin ana kiɗa a bakin ƙofa. Da ya fito ya ga taro yana tafi, sai jinin siyasa ya motsa. Ya ɗaga hannu biyu, ya ce wannan somin-taɓi ne daga cikin ayyukan da ke tafe. Shef ya juya zai mayar da kwaɗo, ya tarar ƙyaure ba komai. Ya duba ƙasa, ya duba aljihu, ya dubi Mama Terez. Ita kuwa tana gyara ɗaurin zaninta, wanda na lura ya ɗan yi nauyi ta gefe ɗaya.

Kafin motocin su bar fili, mata sun zaro ledojin nan daga ƙarƙashin kwanduna suna fasawa da haƙori. Na ruga layin kayan miya. Goggo tana zaune yadda na bar ta, hannu a kwiɓi, ƙwallon tsamiya a baki. Ƙofa ta buɗe, amma tsakaninta da ƙofar akwai layin mahauta, maza ashirin da wuƙaƙe da idanu, waɗanda suka san ta tun tana amarya. Na buɗe baki zan fara bayani. Mama Terez ta mintsine ni a cinya har sai da na ga taurari.

"Kai dai ka yi naka karatun, ya isa." Ta ɗaga murya. "Matan layin nan! Babban mutum ya yi mana alheri. In an jima kaɗan duk za mu tashi, kowace da butarta, mu je mu gaida Mai Girma. Duka! Mai buƙata da mai rakiya, ba wanda zai san wace ce wace."

Goggo ta daɗe tana kallon kuɓewarta. Sannan ta tofar da ƙwallon tsamiyar a tafin hannu, ta juya wa kasuwa baya, ta ja mayafi ya rufe ta har gwiwa. Daga cikin mayafin hannu ya fito. Na sa masa kofi. Ya koma, ya fito ba komai. Sau uku.

Bayan azahar mata goma sha tara suka miƙe a tare, suka ratsa layin mahauta a jere suna hirar tsadar albasa, Goggo a tsakiyarsu, kanta a sama. Ko mahauci ɗaya bai ɗago daga namansa ba. Da ta zo wucewa ta gabana ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

"Kai kuma juya baya, marar kunya."

Yau kwana huɗu ke nan ana zuwa gaida Mai Girma, sau uku a rana, layi-layi. Famfunan ciki ba ruwa, ashe ba a taɓa haɗa bututun ba, don haka kowace da butarta, kuma sun raba ranakun wanki a tsakaninsu. Goggo tana shan lita ukunta, a bayan mayafi. Jiya ta ce kanta bai yi ciwo ba tun Talata, ta faɗa kamar mai ƙorafi. Ko ƙodar za ta yafe mana shekara ashirin da bakwai, sai mun koma Marwa nan da wata biyu. Ba na barci sosai a kan wannan, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa an gama ba.

A hukumance kuwa, ginin yana nan a rufe. An manna sanarwa a ƙyaure cewa ba a ƙaddamar da shi ba tukuna, kuma an kafa kwamiti mai mutum bakwai ya binciki ɓatan kwaɗo. Ina yi musu fatan nasara da tsawon zama.

Ni dai yanzu tunanina ya koma unguwarmu, inda aka gina ɗakin haihuwa mai gado takwas aka rufe shi shekara uku. Na yi ta juya abin a raina, har na tambayi Mama Terez, amma ita ma ta rasa me za mu ba Mai Girma ya sha.